Maficin Inna da 'Yan Tsaki

A ƙasashen sanyi da na zauna, na ga 'yar fanka da ake ɗorawa a kan murhun itace tana kora ɗumi cikin ɗaki, ana ta yabon wanda ya ƙera ta. A ƙauyenmu kusa da Bunkure mafici ne fankarmu, kuma ba wanda ya yabi Inna.

Wata la'asar ce, sanyi na tasowa daga gonakin rani. Inna ta zuba 'yan tsakin da ta sayo a lungun ɗaki, ta hura murhu nesa da su, ta miƙo mini mafici.

"Ba wutar za ki fifita ba. Ɗumin za ki koro musu, a hankali."

Ina cikin yi sai Baffa Sule, yayan babanmu, ya leƙo.

"Fifita cikin wannan sanyi? Kashe su za ku yi?"

"Yaya, ka bar ta, na san abin da nake yi," in ji Inna.

Ya fizge maficin, ya dungure mini kai, ya kwashe 'yan tsakin a kwali ya ajiye gindin murhu, ya ce kar a taɓa. Inna ba ta isa ta ja da yayan miji ba. Kafin magariba suna ta haki, rabi suka mutu. Har yau ina jin ƙaurin gashinsu.

Da Baba ya dawo, Baffa ya ce fifitar ce ta kashe su, aka kuma yarda. Wannan ne ke ci mini rai. Inna ba ta sake kiwon kaji ba.