Sulhun Safiyar Salla

"Kai mai aski! Kai ma mai burodi, ku zo nan!"

Mai aski ya waiga. Ɗan sanda ne ke kira daga teburin mai shayi, ga unguwa cike da masu dawowa daga idi. Makon jiya aka kwashe samari biyu a wannan lungu na birnin Fas na Maroko, doka kuwa ba ta san wasa ba: namiji ya nemi namiji, sai gidan yari.

Mai aski da mai burodi tun gashinsu na baƙi suke son juna a ɓoye. A garin da abokai ke tafiya hannu cikin hannu, su ko sallama ba sa yi wa juna a waje, don gudun ido.

"Na daɗe ina lura da ku," in ji ɗan sandan, yana kurɓar shayin na'ana'a. "Kun zaci ban gane ba?"

Mai aski ya matso kusa.

"Ranka ya daɗe, ai mu..."

"Yi mini shiru, Alhaji! Maƙwabta, da furfurarku, kuna gaba? Ko kunya babu! Yau salla ce. Ku rungumi juna, ko ku kwana a caji ofis!"

Jama'a suka tuntsire da dariya.

Mai aski ya buɗe hannuwa, ya rungumi mai burodi. Ƙamshin fulawa da hayaƙin nan ya san shi sarai, amma bai taɓa shaƙarsa da rana a gaban jama'a ba. Ya yi maza ya saki, kafin rungumar ta wuce ta maƙwabta.