Telan Da Ya Yi Wa Gwaggo Wanka

Yaya, kin ce za ki kai keken ɗinkinki a kwance shi a sake masa fenti, alhali yana ɗinki lafiya lau. Ni ba zan hana ki ba, kin girme ni. Amma ki saurari labarin wani tela tukuna.

Telan nan yana da injin aikin wuya, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce tukuf, ƙatuwa, allonta da ƙusumbi a baya, jikinta ya yi jaja-jaja kamar haƙoran mai cin goro. Duk zanen da yake yi wa manyan riguna a cikinta yake, kuma injin ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai ita. Teloli maƙwabtansa suka sa mata suna Gwaggo. Ana nan, wani ango ya kawo shaddar ɗaurin aurensa a yi masa babbar riga. Aiki ya kai tsakiyar ƙirji, sai Gwaggo ta yi tari ta ɗauke. Tela ya ɗaura ta a bayan babur ya zaga masu gyara, kowa ya leƙa sai ya ce a kai wa 'yan jari-bola. Da ƙyar aka kwatanta masa wani dattijo a lungun kasuwa, wanda ba ya taɓa sababbi, sai irin waɗanda aka riga aka yi wa ta'aziyya. Dattijo ya buɗe ta a hankali. Ya fitar da gidan zanzaro, ya kakkaɓe ƙura da gashin kaza, ya cire wasu 'yan gwangwanaye da suka kumbura kamar ƙosai, ya ciro na wata matacciyar ya liƙa mata da dalma. Inda wani abu yake rawa ya tokare shi da tsinken ashana, inda waya ta saki ya ɗaure da kyauron roba. Ya kunna. Gwaggo ta yi minshari, ta yi ƙugi, can sai allo ya kawo haske, ga zane-zanen nan duka ba wanda ya ɓata. Ya ce wa tela, "Ka kai ta gida ka bar ta yadda take. Tsohuwa ba ta son a dame ta."

Tela ya dawo da murna, ya ce gobe da safe zai ƙarasa rigar ango. To, wani maƙwabcinsa bai daɗe da sayen sabuwar kwamfuta ba, siririya, baƙa, sai sheƙi take kamar tire. Da maƙwabtan suka ga an sauke Gwaggo daga babur sai suka taso suna durƙusawa: "Gwaggo, sannu da jiki! An sallamo ki? A kawo kunu ne?" Wani ya ce idan abokan ango suka zo karɓar riga a rufe ta da zane, kada su ɗauka kurtun magani ne. Tela ya yi dariya tare da su, amma maganar ta tsaya masa a rai. Washegari, maimakon ya kunna inji, sai ya kinkimo Gwaggo zuwa bakin famfo. Shi a saninsa ba abin da omo da bula ba sa gyarawa, farar shadda nawa ya ceto da su? Ya kwance murfin don ya wanke, sai ya leƙa ciki ya ga tsinken ashana da roba da dalma duk a dagule. Ya ce amma dattijon nan ƙazami ne. Ya zare tsinke, ya tsinke roba, ya sa soso ya dirje ciki da waje, ya ɗauraye, ya tsoma murfin a ruwan bula, ya shanya komai a kan rufin kwano. Da ya ga sama-sama ya bushe ya harhaɗa, 'yan notuna suka rage a kofi, ya ce ai dama sun yi yawa. Ya fesa mata turare. Gaskiya Gwaggo ta yi kyau, har maƙwabta suka zagaye ta suna cewa ta koma budurwa. Tela ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya danna. Aka ji fat! Wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, rabinsa ƙamshi rabinsa ƙaurin roba.

Aka ɗauko dattijo a guje. Ya duba, ya shinshina, ya karkata akwatin, ruwa mai shuɗi-shuɗi ya ɗigo masa a ƙafa. Ya ajiye akwatin. Sannan ya ce, "Wanka kam ka yi mata, ɗana. Saura likkafani, shi kuma ba sai an je nesa ba, kai ne tela."

Ranar ɗaurin aure ango ya sa rigarsa a haka, don babu wata. Zanen ya taso daga wuya da kyau, ya zo tsakiyar ƙirji ya tsaya cak, kamar titin da ɗan kwangila ya gudu ya bari. Bawan Allah ya dafe wurin da tafin hannu tun daga masallaci har wajen walima, bai sauke ba ko da za a ɗauki hoto. Dangin amarya suka koma gida suna ta yabo, wai ba su taɓa ganin yaro mai ladabi irinsa ba. Tela kuwa bai je ba. Yana shago a zaune, ga inji ya yi shiru, ga Gwaggo fara sol tana ƙamshi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.