Masaukin Bakari Dogo

Nata'ala ya karɓi karan awo daga hannun Bobboyi mai Keke Napep, ya ɗaga shi sama, ya ja tsaki.

"Wannan ne tsawon Bakari? Bakarinmu na Dubeli?"

"Shi ne, Bappa. Kara ɗaya bai kai ba, biyu muka ɗaura."

Ɗaurin ya zame a hanya, ko makaho ya shafa zai gane. Da a ce wani ne aka auna, da Nata'ala ya bi karan a haka. Amma Bakari a gabansa ya girma, in dai girma ake kiran abin, don yaron tafiya sama kawai ya yi ta yi kamar giginya.

Duk rayuwarsa a lanƙwashe ya yi ta, bawan Allah. In zai yi sujada sai 'yan sahun baya su matsa. Shekarar da rikici ya kori mutanen Mubi, dangi suka cika gidansu, wata uku yana kwana a zaure, ƙafafu a waje awaki na tsallakewa.

A lokacin ne wani koci ya gan shi yana tsinkar mangwaro ba sanda, ya ja shi filin ƙwallon kwando. Daga Jimeta sai Legas, daga Legas sai ƙasar Larabawa. Wai a biya ƙato albashi don ya jefa ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi! Nata'ala bai taɓa gane wannan sana'a ba, amma duk wanda ya kushe ta a gabansa sai sun yi.

Can ma ba ta sake zane ba. "Bappa," in ji Bakari a waya bara, "gadon otel ɗinsu ma a naɗe nake kwana."

"Ka zo wurina mana. Ni kaɗai ne a garin nan ke yi wa mutum daidai da shi."

Bakari ya yi dariya har waya ta suɓuce masa. Wannan dariyar ce ke cin Nata'ala tun safe.

To ga shi ya dawo a jirgin safe, yana da shekara ashirin da bakwai. Unguwar Dubeli ta cika maƙil. An tanadi ruwan wanka da turare da sabon yadi, ana idar da la'asar za a rako shi nan maƙabarta.

"Bappa, lokaci ya ƙure," in ji Bobboyi. "In ka ƙara tsawo za ka matsi maƙwabcinsa."

"Shekara talatin ina aikin nan, maƙwabci bai taɓa kawo mini ƙara ba."

Nata'ala ya yar da karan, ya ƙara taku biyu daga inda awon ya tsaya. Ya share ido da bakin riga, wai ƙasa ce ta faɗa masa.

Zuciyar yaron ta tsaya ne ana tsakiyar wasa. Nata'ala ya ɗaga diga, ya rantse ko jana'iza za ta kai magariba tana jira, yau Bakari sai ya miƙe ƙafa a kabarinsa.