Matattun Maƙwabciya

"Shekara uku, amma tsayin 'yar shekara biyu?" in ji ma'aikaciyar asibiti. "Tuwon masara zalla ba ya gina ƙashi."

Uwar ta goyo 'yarta zuwa gida, kunya kamar ta nutse. Baƙuwa ce a wannan ƙauye na Moldova, kuma bakinta bai iya roƙo ba.

Washegari tsohuwar maƙwabciyarta ta miƙo ƙwai biyu ta saman shinge. "Sadaka ce, don ran mijina." Sadakar mamaci kuwa ba a mayar da ita. Bayan kwana biyu sai ga madara don ran yayanta, sannan wake don ran gwaggonta.

"Iya, matattunki ba sa ƙarewa ne?" in ji uwar.

"Ke dai karɓi, sarkin surutu!"

Shekara na zagayowa, rigar yarinyar ta ɗangale mata. Uwar ta sayi kyandirori, ta nufi maƙabarta don ta kunna wa matattun, ta yi musu godiya.

Da ta tambayi inda kabarin mijin tsohuwar yake, mai haƙa kabari ya tuntsire da dariya. "Wane miji? A gidan marayu ta tashi, ba ta taɓa aure ba."

Ta dawo a hankali, ta kunna kyandirorin a gindin shingen tsohuwar.