Raɗa a Cikin Kaset

Abin sauraro na kunne, wato kask, na huɗu ke nan Hajjo ta ɗora a kunnuwanta ta cire. Ta ajiye shi kan teburin gilashi, kusa da sauran ukun, ta girgiza kai.

"Wannan ma ganga yake bugawa," ta ce. "Ni murya nake nema."

Mudi, mai shagon, ya dube ta da idonsa guda mai gani. Duk unguwar Ridina an san babu mai kunne irin nasa, kuma an san inda ya samo shi. Ana cewa a zamanin da mutane ke ɓacewa, yana aiki a wani ofis marar allo a ƙofa, inda ake sauraron wayar tarho ta jama'a. Hajjo ba ta so zuwa wurinsa ba. Sai da ta zaga kasuwa kaf, kowa ya nuna mata shagon nan.

Mijinta, Alhaji Harun, dillalin shanu a Farcha, shi ya kawo ta a babur. Ya ɗaga wani babban kask mai kauri kamar tafin raƙumi.

"Ki ɗauki wannan, Hajjo. In jaka bakwai ɗinki ba su kai ba, sai in cika."

"Kuɗin ƙosaina ne, Alhaji. Abin da suka iya saya shi nake so."

Ya yi murmushi, ya ce zai jira ta a inuwa, ya fita.

Kaset ɗin da ke cikin ɗan rikodan da ta zo da shi ya shekara goma sha uku. A daminar 1989 Yunusu, mijinta na fari, ya fita sayen shanu bai dawo ba. Bayan sati uku wani direba ya miƙa mata kaset a ƙofar gida, ya ce a tasha aka ba shi. Muryar Yunusu ce. Ya ce ya kama hanyar Makka, wadda kakanninsu suka faro daga Kano suka tsaya nan. Ya ce kada a neme shi.

Shekara huɗu ta jira. Harun, abokin cinikinsa, shi ya riƙa kawo hatsi da nama, shi ya raka ta wurin alƙali aka raba auren, daga baya ya aure ta. Ya saya mata rediyo mai manyan lasifika da ke girgiza kwanukan ɗaki. A ciki take sa kaset ɗin in kewa ta taso, bai taɓa hana ta ba.

Watan jiya 'yarta Rahmatu ta aro kask na wata ƙawarta. Hajjo ta gwada don wasa. A nan ta ji abin da rediyo ya ɓoye mata shekara da shekaru. Yunusu kan yi shiru kafin kowace jimla, kuma shirun ba shiru ba ne. Akwai wani abu a ƙarƙashinsa, siriri, kamar tafiyar ƙadangare kan busasshen ganye.

Mudi ya saurari bayaninta bai katse ta ba. Ya sunkuya, ya jawo wani tsohon kask daga kwali. Soson kunne ɗaya ya zaizaye, an ɗaure wayar da baƙin salatif.

"Samari ba sa son wannan, ba shi da dum-dum," ya ce, muryarsa a dishe kamar ta mai tsohon tari. "Amma numfashin mutum ba ya wuce shi. Kawo in gwada."

Ya ɗora, ya danna. Hajjo ta zuba masa ido. Ya lumshe idonsa, ya mayar da kaset baya, ya sake. Sau uku. A na ukun yatsansa ya kasa samun maɓallin. Zufa ta keto masa a goshi, alhali fanka na kaɗawa a kansa.

Ya cire kask ɗin a hankali, ya naɗe wayar.

"Jaka biyar. Riƙe sauran." Ya matso da bakinsa. "Hajiya, ki saurara inda babu kowa. In an tambaye ki, ban ji komai ba. Ba ki ma taɓa shigowa nan ba."

Ta san abin da ta gani. Mutum ba ya rikicewa haka sai ya gane abin da ya ji. Ko muryar kansa ya ji a ciki? A kan hanya, tana bayan babur, ta yi ta maimaita disasshiyar muryar nan a ranta, don kada ta suɓuce mata kafin su isa Farcha.

Bayan azahar gidan ya yi tsit. Rahmatu ta tafi makaranta. Hajjo ta sakaya labule, ta zauna gefen gado, ta danna.

Yunusu ya dawo ɗakin kamar yana zaune a gabanta. Ta ji yana haɗiyar yawu. Ta ji ƙarar ƙarfe a duk sanda ya motsa hannu. Sai shirun farko ya zo, wata raɗa ta fito fes.

"Ka ce Makka ka tafi."

Ta ƙara sauti. Babu dishewa a muryar, ko kaɗan. Ba Mudi ba ne.

"Ka ce kada a neme ka. A hankali. Ka kira sunanta tukuna."

Labule ya motsa. Ta ɗaga kunne ɗaya na kask ɗin, ɗayan yana nan manne.

"Ya yi miki kuwa, Hajjo?" Harun ya tambaya daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, da muryar nan da ke ci gaba da raɗa a ɗaya kunnenta.