Gilashi a Goshi

Tsohon ya sake yi. Kansa na fitowa daga ruwa ya tura gilashin nutsonsa saman goshi. Kafin Meutia ta buɗe baki, tsundum! Zulfan matuƙin kwale-kwale ya faɗa teku da rigarsa. Ya cim ma tsohon, ya sagalo ƙirjinsa ta baya, ya jawo shi har bakin tsani.

Duk mai nutso a ƙauyen Iboih na bakin teku ya san ƙa'idar nan. In ka fito sama, gilashi ya zauna a fuska, ko ka sauke shi wuya. Wanda ya firgita ne ke ture shi goshi, don haka na kan jirgi ba ya tsayawa tambaya. Amma tsohon nan, Pak Razali, wato Baba Razali a yarensu, da furfurarsa da komai, duk Lahadi sai ya yi.

Meutia ce ke jagorantar masu nutso, ba ta daɗe da zuwa daga birnin Medan ba, kuma abin ya ɗaure mata kai. A ƙarƙashin ruwa tsohon ko hannu ba ya kaɗawa, ba ya tayar da yashi, iskar kowa ta ƙare tukunyar iskar da ke bayansa na da saura. Sai an fito ne wautar ke kama shi.

Daga birnin Banda Aceh yake ƙetarowa a jirgin safe, shi kaɗai da tsohuwar jakarsa. Ba ya yarda a sa shi a wani kwale-kwale in ba shuɗin nan na Zulfan ba. Yakan sayo kofi biyu a rumfar bakin ruwa, ya sha ɗaya, ya ajiye ɗaya kusa da inji. Nan yake hucewa har a zubar. Meutia ba ta taɓa jin wayarsa ta yi ƙara ba. Gaskiya tausayinsa ya gama kama ta.

Shi kuwa Zulfan mutum ne mai murtuke fuska. A bayan shagon kayan nutso yake kwana, ko da Sallah ba ya ƙetarawa gida. Bai taɓa ce wa tsohon ko ci kanka ba. Ranar ma yana matse rigarsa, Meutia ya juya wa.

"Ki gaya wa tsohon nan naki na gaji da wankan da ban yi niyya ba."

"Ga shi a gabanka, Bang. Bakinka ciwo yake yi?" in ji ta. Bang a yarensu shi ne yaya.

Ya ja tsaki ya tayar da inji.

Da labari ya kai kunnen Ibu Rosnah, wato Mama Rosnah, mai shagon da kwale-kwalen, ba ta yi wata-wata ba. Ta ce ranar da wani zai shiga uku da gaske, matuƙinta na can yana ceton mai wasa. In tsohon ya sake sau ɗaya, ba shi ba taka jirginta.

Meutia ta zaunar da shi a kan benci, ta nuna masa kamar ƙaramin yaro: a kama nan, a ja ƙasa, ya zauna a wuya. Ya kwaikwaya da hannu ɗaya, har ya fi ta sauri.

"Na gane, 'yata."

"Don Allah, Pak. In aka hana ka, ina za ka riƙa zuwa ran Lahadi?"

Ya dubi teku.

Lahadi ta zagayo, ruwa kwance luf. Suka yi nutsonsu lafiya, suka fito. Idon Meutia na kansa. Ta ga ya kai hannu, ya ja gilashin ƙasa, ya sauke shi wuya. Ta ce alhamdulillahi a ranta.

Baƙin da suka zo nutso suka riƙa hawa tsani ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya tsaya can gefe yana lilo a kan ruwa, yana kallon kwale-kwale. Zulfan na zaune gindin inji, ya ba shi ƙeya. Aka hau, aka hau, saura shi kaɗai. Sai ya sa hannu biyu, a tsanake, ya ɗago gilashin daga wuya, ya haye da shi fuska, ya ɗora a goshi. Kai, wane firgitacce ne ke yin haka?

"Bang, ƙyale shi, lafiyarsa lau!"

Ina! Mutumin da ya ba da ƙeya, ko ta ina ya gani? Tuni yana cikin ruwa. Ya sagalo shi yadda ya saba. Tsohon ya kwantar da kai a kafaɗarsa, ya lumshe ido. Tazarar ba ta da yawa, amma sun daɗe kafin su iso tsani.

Ibu Rosnah ta cika maganarta. Meutia ta ɗaukar masa jaka har bakin titi inda ake shiga motar tashar jirgin ruwa, zuciyarta na tafasa.

"Da gangan ka yi, Pak. Na gan ka. Ka fi ni sanin ruwan nan, me ya sa za ka yi wa kanka haka?"

Ya karɓi jakar, ya waiwaya wajen shuɗin kwale-kwalen. Zulfan na tsaye a ciki, kofin nan da ya huce a hannunsa, bai sha ba, bai kuma zubar ba.

"Ni na koya masa, tun yana ƙarami," in ji tsohon. "Na ce duk wanda ka gani da gilashi a goshi, ko maƙiyinka ne, ka faɗa ka riƙe shi. Ita kaɗai ce maganata da bai jefar ba. Tun rasuwar mahaifiyarsa ɗana bai sake yi mini magana ba, 'yata, amma duk Lahadi sai ya rungume ni."