Hanyar da Ta Kauce wa Gidan Kawu

Shekarar da fari ya cinye mana gonaki a Minjibir, aka aiko da goron bikin 'yar gwaggona daga Damagaram, can Nijar. Da la'asar Baba ya tsuguna a tsakar gida yana zana hanyar mota da kara, ina leƙe. Har karan ya doshi Ɓaɓura, garin Kawu, sai ya kauce ya zagaya ta Daura.

Na ce, "Baba, ba za mu kwana gidan Kawu ba?"

"Ban da bana. In ya gan mu, geron da ya ajiye na iri zai sa a daka mana fura."

Har yau ina tunani: ko Kawu ya ji mun kauce masa? In ya ji, godiya ya yi ko fushi?